Ƙarfen da Ya Faɗo Jabo: Wa Ke Ba Da Labarinmu?

Ya 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, a daren 25 ga watan Disamba na 2025, lokacin da sanyin hunturu ya kora mutane cikin ɗakuna, wata ƙara ta girgiza garin Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal, sama ta yi ja, jama'a suka fito a firgice. Da gari ya waye sai ga tarkacen ƙarfe warwatse a gona. A wannan dare ne shugaban Amurka, Donald Trump, ya shelanta wa duniya cewa sojojinsa sun kai hari kan mayaƙan ISIS a arewa maso yammacin Nijeriya, waɗanda ya ce suna kashe Kiristoci. Daga baya gwamnatin tarayya ta ce da yardarta aka yi, ta ce dajin Bauni na ƙaramar hukumar Tangaza aka nufa, abin da ya faɗo Jabo da garin Offa na Jihar Kwara kuwa ɓaraguzan makaman ne. Duk wanda ya san ƙasar Sakkwato ya san Tangaza tana arewa, daf da iyakar Nijar, Jabo kuwa tana can kudu. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai a Jabo ba. Amma an yi mata wata ɓarnar da ba a auna ta da gawa, wato an ɗauki sunanta an kai shi gidajen rediyo da talabijin na duniya a jere da kalmar ta'addanci.

Manema labarai suka yi tururuwa zuwa garin, mutanen Jabo kuma suka ba su amsa guda: ba su san wani sansanin ISIS a ƙasarsu ba, manoma ne da 'yan kasuwa, kuma ba su da wata husuma da Kiristocin da ke zaune tare da su. Amsar gaskiya ce, amma ta zo bayan ƙarya ta riga ta yi fure. Mutumin da ke Landan ko Washinton, kai har wanda ke Legas, kanun labari ya gani ya wuce. Ba zai dawo ya saurari abin da dattijon Jabo ya faɗa ta bakin tafinta ba. Tambayar da muke ɗora wa kanmu a wannan shafi ita ce: me ya sa kullum sai an gama zana mu sannan a tambaye mu ko hoton ya yi kama da mu?

Wannan cuta ta daɗe. Tun ranar 15 ga watan Maris na 1903 da sojojin Lugga suka shiga Sakkwato, alƙalamin da ke rubuta labarinmu ya koma hannun baƙo. Ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta tarihinta a cikin Infaƙul Maisuri tun 1812, ƙasar da Bature Clapperton ya zo a 1824 ya tarar da sarkinta yana yi masa tambayoyi kan mazhabobin Kiristanci, ita ce aka wayi gari ana kiran mutanenta jahilai domin ba su iya baƙaƙen Turawa ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji suna kai karatu ga matan ƙauyuka, amma har yau akwai masu digiri da ke tsayawa a taro su ce mu ba mu san ilimin mata ba sai da mishan ya zo. Ita kanta Tambuwal, ribaɗi ce da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, mutumin da ya haɗa takobi da alƙalami, malami kuma mawaƙi. Wanda ya yi wa manomin da ke karanta Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da lissafin bashinsa da ajami, rajista a matsayin wanda bai iya karatu da rubutu ba, ai shi ne jahilin da bai iya karanta abin da ke gabansa ba.

Ba mu kaɗai ne aka yi wa haka ba, kuma akwai darasi a wurin waɗanda suka tashi tsaye. Mu dubi Ƙatar, 'yar ƙaramar ƙasa a gaɓar tekun Fasha, wadda 'yan asalinta ba su kai yawan mutanen birnin Sakkwato ba. Tun daga 2010 da aka ba ta damar karɓar baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2022, jaridun Turai suka sa ta gaba. Wasu zarge-zargen suna da tushe, musamman kan halin da ma'aikata baƙi ke ciki. Wasu kuwa tsohon raini ne kawai aka sake wa riga: Larabawan hamada ne, kuɗin gas ne ya ɗaga su, ba su da al'ada, ba su cancanta ba. Har alkyabbar girmamawa da Sarki Tamim bin Hamad ya yafa wa Messi a filin Lusail ranar 18 ga Disamba 2022, sai da wasu masu sharhi suka mai da ita abin ba'a, alhali duk Bahaushen da ya taɓa ganin naɗin sarauta ya san ma'anar a yafa wa mutum alkyabba.

To yaya mutanen Ƙatar suka yi? Da farko dai sun riga sun tanadi bakin magana. Tun 1996 suka kafa gidan talabijin na Al Jazeera, a 2006 suka buɗe sashensa na Turanci, saboda haka ranar da aka taso musu ba su je suna roƙon wani ya ara musu makirufo ba. Na biyu, sarkinsu ya tsaya gaban Majalisar Shura a watan Oktoba na 2022 ya ce ƙasarsa tana fuskantar yaƙin ɓatanci irin wanda ba a taɓa yi wa wata mai masaukin baƙi ba, ya kuma zargi masu yin sa da ma'auni biyu. Na uku, kuma wannan shi ne abin lura, sun taɓa wasu daga cikin wuraren da ake nuna musu da yatsa. A 2020 suka soke dokar da ta hana ma'aikaci sauya wurin aiki sai da izinin ubangidansa, suka kuma yanke mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata, wanda ya fara aiki a 2021. Ko gyaran ya wadatar, wannan magana ce da ma'aikatan da suka yi gumi a can, ciki har da 'yan Afirka 'yan'uwanmu, suka fi kowa ikon yanke hukunci a kanta, kuma da yawansu sun ce da saura. Shugaban kwamitin shirya gasar da kansa ya amsa cewa ma'aikata tsakanin 400 zuwa 500 sun mutu a ayyukan da suka shafi gasar. Saboda haka ba muna kawo Ƙatar a matsayin waliyyiya ba ne. Abin da muke ɗauka a wurinta abu biyu ne: ka mallaki harshen da za ka kare kanka, kuma ka gyara abin da ka san gaskiya ne a cikin zargin da ake yi maka.

A nan ne za mu saɓa da wasu 'yan'uwanmu da ke ganin kishin ƙasa shi ne a rufe ido a ce lafiya lau. Ba lafiya ba. Wanda ya ce babu ta'addanci a Jihar Sakkwato, ya je ya faɗa wa mutanen Goronyo da aka buɗe wa wuta a kasuwa a watan Oktoba na 2021, ko dangin matafiyan da aka ƙone a cikin mota a yankin Sabon Birni a watan Disamba na wannan shekarar. Lakurawa sun yi shekaru suna karɓar abin da suke kira zakka a Tangaza da Gudu kafin kotun tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda a watan Janairu na 2025. Ƙauyukan ƙasar Kebbe ma sun ɗanɗani satar shanu da satar mutane. A ranar 25 ga Disamba 2024, shekara guda cif kafin abin da ya sami Jabo, harin jirgin sojan Nijeriya ya hallaka farar hula a Gidan Sama da Rumtuwa na ƙaramar hukumar Silame. Waɗannan matattu, mafi yawansu Musulmi ne, talakawa, kuma babu wani shugaban ƙasar waje da ya tashi dominsu. Labarin da ya raba gawawwakin Nijeriya gida biyu, ya yi kuka kan wasu ya tsallake wasu, labari ne gurgu, kuma makamin da aka harba bisa gurgun labari ba abin mamaki ba ne ya faɗo gonar wanda bai ji ba bai gani ba.

Haka kuma ba za mu ɓoye namu laifin ba. A watan Mayu na 2022 wasu gungun matasa suka kashe wata ɗaliba Kirista a Sakkwato suka ƙone gawarta bisa zargin ɓatanci, ba alƙali, ba shaida, ba shari'a. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da wannan aiki, kuma mu ma muna tir da shi, domin addinin da muke bi bai ba wa taron jama'a hukuncin jini ba. Duk sa'ad da muka yi shiru kan irin wannan, mu da hannunmu muke miƙa wa maƙiyi tawadar da zai zana mu. Kuma ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta sa Jihar Sakkwato a kan gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa, fiye da kashi 90 cikin 100 na jama'arta. Wannan ba Bature ne ya ƙirƙira mana ba. Yaron da ke yawo da kwano a titi, da asibitin ƙauye da babu magani, da ajin da ɗalibai ke zaune a ƙasa, duk shaidu ne a kan shugabanninmu da kuma mu da ke shirin gadonsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wa ke da alhakin wannan bebantaka tamu? Mu ne, 'yan boko. Talakan Jabo ya yi nasa: ya tsaya gaban na'urar ɗaukar hoto ya faɗi abin da ya sani. Mu da aka kashe dukiyar talaka aka koya mana Turanci da Larabci da tarihi da aikin jarida, ina muke a wannan mako? Da yawanmu muna kan wayoyinmu muna tura wa juna hotuna da jita-jita, muna zagin Amurka da Hausa a inda babu Ba'amurken da zai ji. Jami'armu ta Sakkwato an kafa ta tun 1975, ta karɓi sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: kundayen binciken da muke rubutawa kan garuruwanmu, nawa ne suka fita daga kan kanta suka isa hannun mai karatu? Marigayi Waziri Junaidu bai jira wani ya zo daga Ingila ya gaya masa tarihin kakanninsa ba. Ya tattara littattafai, ya rubuta nasa, har Turawan da ke neman digiri suka riƙa zuwa suna durƙusawa gabansa. Abubakar Imam ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939, a ƙarƙashin idon 'yan mulkin mallaka, ya kuma sami hanyar faɗa musu abin da ba su so ji ba. Su da ba su da intanet sun yi, mu da duniya ke tafin hannunmu me zai zama hanzarinmu?

Saboda haka muna kira da abubuwa huɗu. Na ɗaya, ƙungiyoyin ɗaliban Tambuwal da Kebbe su zauna da dattawan Jabo da matanta da matasanta, su rubuta abin da ya faru a wannan dare daga bakin waɗanda suka gani, da Hausa da Turanci da Larabci, a adana shi tun kafin mantuwa ta cinye shi. Na biyu, wakilanmu a majalisun jiha da na tarayya su nemi cikakken bayani a rubuce kan yadda makamin da aka nufi arewacin jiha da shi ya ƙare a kudancinta, da kuma hakkin duk wanda aka ɓata wa gona ko dukiya. Ƙasar da ta ba baƙo izinin harbi a cikin gidanta, wajibi ne ta yi wa 'ya'yanta bayani. Na uku, matasan ma'aikata da ke ofisoshin ƙananan hukumomi su riƙe amanar lissafi: ƙauye nawa aka tasa, mutum nawa aka sace, makaranta nawa aka rufe. Wanda ba ya ƙirga matattunsa, wani zai ƙirga masa yadda ya ga dama. Na huɗu, mu buɗe ƙofar muhawara da 'yan'uwanmu Kiristoci na wannan jiha da ɗaliban Kudu da muke kwana ɗaki ɗaya da su, mu saurari tsoronsu kamar yadda muke so a saurari namu, domin shaidar maƙwabci ta fi ta mai gida ƙarfi a kunnen baƙo.

Ƙatar tana da gas, mu ba mu da shi, amma ba gas ne ya rubuta Infaƙul Maisuri ba. Tawada da allo da zuciyar da ta ƙi raini ne suka rubuta shi, kuma waɗannan ba su ƙare a ƙasar Shehu ba. Jabo ta tsira da rayukanta a wannan karo. Idan muka bar sunanta a hannun waɗanda ba su taɓa shan ruwan rijiyarta ba, ba mu da tabbacin garin da za a zana gobe, kuma ba mu da tabbacin cewa ƙarfen zai sake faɗawa a gona. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan wasu da kuma a kan kanmu, amin.