Filin Halittun Ƙasarmu: Ba Kowane Ƙuda Mai Cizo Ne Tsando Ba

Yanzu da wayar hannu mai ɗaukan hoto ta shiga aljihun manomi da makiyayi, ya kamata mu yi amfani da ita wajen wani aiki wanda a da sai ma'aikatan gwamnati ke yi, watau rarrabe ƙudajen da ke cizon dabbobinmu. Bari mu ɗauki ƙasar Manchok, da ke Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, ta zama misali. Ƙasa ce a gindin tsaunukan Filato, ga ruwan sama isasshe, ga rafuffuka masu duhuwar itatuwa. Irin wannan wuri shanu ke so, irinsa kuma tsando ke so.

To, da yawanmu duk ƙudan da ya ciji saniya har ta zabura sai mu ce tsando ne, alhali kuwa a ƙalla ƙudaje uku ke wannan aiki. Bobuwa ita ce babbarsu, mai dara-daran idanu da suka kusa cinye kai duka, kuma macen ce kaɗai ke shan jini. Akwai wani ƙarami mai kama da ƙudan gida sak, wanda ke addabar ƙafafun shanu a garke. Shi ne ya fi ruɗar mutane, domin shi ma bakinsa tsini ne a miƙe gaba kamar na tsando.

Alamar da ba ta ƙarya tana ga fukafukai. Idan tsando ya sauka sai ya ɗora fiffike ɗaya bisa ɗaya, su rufe bayansa kamar almakashi a rufe, har su zarce ƙarshen cikinsa. Sauran biyun kuwa nasu a ɗan ware suke. Har ila yau, in hoton ya fito sosai, za a ga jijiyoyin tsakiyar fiffiken tsando sun zana wata siffa kamar kan gatari. Saboda haka mai ɗaukan hoto ya ɗauka daga sama don fukafukai, ya sake daga gefe don baki, ya faɗi gari da wata, da ko a bakin rafi ne ko a fili. Hoton ƙudan da aka murtsuke da tafin hannu ba ya amfanin kowa.

Me ya sa muka damu? Tsando, namiji da mace, shi ke rainon ƙwayar cutar sammore a jikinsa, shi ne kuma mai kawo ciwon barci ga mutane. Bobuwa takan kwashi sammore a bakinta daga saniya zuwa saniya, amma ƙwayar ba ta girma a cikinta. Kuma yaƙi da tsando ya fi sauƙi, domin macensa ba ta zuba ƙwai rututu kamar sauran ƙudaje. Tsutsa ɗaya tak take haifa wajen kowane kwana 10. Tarko na shuɗi da baƙin ƙyalle, in an kafa shi a mashayar shanu, yana rage shi ƙwarai. Makiyayin da bai san abokin gābansa ba sai ya yi ta sayen allura a kasuwa yana ɗirka wa shanu, kuɗi su tafi, cutar kuma ta saba da maganin.

Wannan sani ba baƙo ba ne a Arewa. Saboda ciwon barci aka sare kurmin rafuffukan Anchau, aka gina Takalafiya. A 1947 aka kafa cibiyar binciken wannan cuta ta Afirka ta Yamma, wadda ta zama ta Nijeriya a 1964, mazauninta Kaduna, tana da reshe a Vom. Daga Manchok kuwa hanya ta hau tudu har Vom. A ganina ma'aikatan dabbobi na Kaura su ne ya kamata su riƙa karɓar hotunan nan daga rugage suna miƙa wa masanan.

Gizo-gizo, da yake ƙafarsa 8 ce ba 6 ba, ba ya cikin dangin ƙudaje, hasali ma su ne abincinsa. Batunsa, da na ƙurajen da ake ɗora wa tautau laifinsu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.