LAFIYA UWAR JIKI: Ƙurajen fuska ba su son ƙarfi

Samari da ƴan mata da yawa suna fama da ƙurajen fuska. Galibi suna fitowa daga shekara 12 zuwa 25, ga goshi, da kumatu, da haɓa, har ga baya da ƙirji. Ba maita ba ce, ba ƙazanta ba ce, kuma ba a ɗauka daga wani.

Ga dalilinsu. Fatar mutum tana da ƙananan ƙofofi inda mai yake fita. Lokacin balaga, jiki yana ƙara yin mai. In ƙofar ta toshe, sai man ya taru ciki, ƙwayoyin cuta su samu abinci, wurin ya kumbura ya yi mugunya.

Ƙurji yana warkewa cikin ƴan kwanaki in an bar shi. Abin da yake daɗewa shi ne tabo. Wanda ya matse ƙurji da farce, ko ya huda shi da ƙaya ko allura, yana tura mugunyar can ciki. Baƙin tabon da zai biyo baya yana iya yin watanni, ramin kuwa wani har tsufa. Ƙurjin da ke kusa da hanci ko bisa leɓen sama ya fi hatsari, domin jijiyoyin jinin wurin suna haɗuwa da na cikin kai. Wannan kam, kada a taɓa shi ko kaɗan.

Yanzu ana sayar da wata ƴar filasta ta ƙuraje a farmasi na manyan garuruwa. Ƙarama ce, kamar facin tayar keke. Tana tsotse ruwan ƙurjin da ya nuna ya yi baki, tana kare shi daga ƙura da ƙudaje da hannu. Ba ta aiki ga ƙurjin da ke can ciki mai tauri, kuma ba ta hana wasu fitowa.

Ga yadda ake aiki da ita:

1. A wanke hannu da fuska da sabulu, a bari fatar ta bushe sarai. Kada a shafa mai kafin a manna.
2. A bar ta awa 6 zuwa 8, ko kwana guda. In tsakiyarta ta yi fari, ta cika.
3. Wajen cirewa, a sake wanke hannu. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a ɗora bisa filastar minti 1 ko 2, har ƙaron ya saki.
4. A danne fatar gefe da yatsa guda. A ɗaga baki ɗaya, a ja sannu sannu kwance bisa fata. Kada a fizge, domin fizga tana ɗaye fatar da ta soma warkewa.
5. A ɗauraye wurin da ruwa, a danna tsumma a hankali ya bushe, ban da gurzawa.
6. Wadda aka cire a yar da ita. Ba a maida ta, ba a ba wani.

In wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ƙananan bororo, fatar ba ta karɓe ta ba. Sai a daina. Filastar ɗaure ciwo ta likita kuwa ba ta fuska ba ce, ƙaronta ya yi ƙarfi.

Wanda bai da kuɗin filasta bai rasa kome ba. Wanke fuska sau 2 a rana, safe da dare, da sabulu marar zafi, shi ne tushe. Ban da soso, ban da kanwa, da toka, da lemun tsami, da maganin goge haƙori: duk suna ƙona fata. Wanda ya dawo daga gona ko kiwo ya wanke gumi. A riƙa wanke kallabi, da rawani, da rigar matashin kai. Mai kauri na kitso kada ya sauko bisa goshi.

Akwai gargaɗi kan man sa fari da ake sayarwa cikin kasuwanni. Da yawansu suna ɗauke da magani mai ƙarfi wanda yake sa fata ta yi sirara, ya ƙara ƙuraje. Budurwar da ta saye shi don ɓoye tabo kafin biki, ta sayi wahala da kuɗinta.

A tafi likita in ƙurajen sun yi manya masu zafi, ko fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo tare da su. Maganin ƙuraje yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin a ga amfaninsa, sai a yi haƙuri. Mace mai ciki ta faɗi wa ma'aikacin lafiya tana da ciki, domin wasu magungunan ƙuraje suna cutar da jinjiri. Kada ta sha na ƴan talla.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa ƙannensa da ɗiyansa wannan shafi. Allah ya ba da lafiya.