Daɗin Sauti Daban, Ƙara Daban

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu sha'awar haɗa rediyo da sifika a gida.

Ni dai manomi ne, da rani kuma ina ɗan taɓa kayan koli. Tun shekarar 2003 nake wannan harka, ita ce hutuna in na dawo daga gona. Na fara ne da tsohuwar rediyon mota mai kaset da na saya wurin 'yan gwangwan, da batirin mota, da sifika ɗaya mai inci 6. Da na kunna, wallahi kamar ana buga gwangwani. Wani mai gyaran rediyo ya ce mini sifika tsirara ba ta ba da amo, domin iskar bayanta tana cinye ta gabanta. Sai na ɗora ta a bakin tulu, na liƙe gefen da robar tsohon tub, na cusa auduga a ciki don kada tulun ya yi ta gunji. Ran nan ne na ji kalangun marigayi Mamman Shata kamar a tsakar gidana ake kaɗa shi.

A hankali na gane wasu abubuwa. In ka haɗa sifika biyu ka juya wayar ɗaya, ja ya koma wurin baƙi, to amon zai gudu. In ka jibga wa rediyo sifikun da suka fi ƙarfinta, zafi za ta ɗauka ta ƙone. Ni ma na ƙona ɗaya kafin in yi hankali. Yanzu ƙaramar sola ce ke cajin batirin, memori ya maye gurbin kaset, amma tulun nan yana nan daram.

To, ga inda gizo ke saƙar. Yawancinmu mun ɗauka ƙara ita ce daɗi. Za ka ga akwatin da bai kai kwanon awo ba an rubuta masa wat dubbai, yaro ya sayar da akuyarsa ya saya. Alhali rediyon mota ta yau da kullum abin da take bai wa kowace sifika bai wuce kamar wat 20 ba, kuma ya ishi ɗaki har ya yi yawa. In ka ƙure murya, kuntigin Ɗan Maraya Jos da hayaniyar injin niƙa duk ɗaya suke komawa.

Ba zan ɓoye laifina ba. A 2011 na ƙara sifika ta biyu, na riƙa ƙure ta har tsakar dare. Rannan maƙwabcina ya yi sallama, ya ce, “Malam, don Allah ka rage, Inna ba ta da lafiya, kwananta uku ba barci.” Kai, na ji kunya kamar in nutse. Tun daga ranar, da an yi sallar isha'i nake rage murya, kuma abin mamaki sai a lokacin na fara jin kowane kiɗa filla-filla.

Saboda haka ina kira ga matasa da masu shagunan tura waƙoƙi da su ji tsoron Allah. Sha'awa ba laifi ba ce, har sana'a ake koya a cikinta. Amma maƙwabci yana da hakki, akwai marar lafiya, akwai ɗalibi, akwai mai ibada. Kunnenka ma amana ne, in ya mutu ba a sayar da sabo a kasuwa. Masu unguwanni su ma su riƙa tsawatarwa.

Allah Ya sa mu gane, amin.

Naku,
Mai karatunku a kullum,
Daga Funtuwa, Jihar Katsina.