Ba Kowace Mota Ce Ke Buƙatar Sabon Fenti Ba

Kwana biyu kun ji ni shiru, wani aiki ne ya ɗauke ni, kuma a kansa nake so mu tattauna yau. Wata ƙila wasu su ce me ya haɗa yaron shago da zancen fentin mota, to ku biyo ni.

Mu asalinmu mutanen Damagaram ne, fataucin atamfa ya kawo mahaifina Maiduguri tun ban zo duniya ba, muka zauna a nan Maisandari. Yana da wata tsohuwar Peugeot 504, Fijo dai kamar yadda kowa ke kiranta, haɗin Kaduna. Ga waɗanda ba su sani ba, a 1968 aka fara fitar da wannan mota a Faransa, a 1975 kamfanin PAN ya soma haɗa ta a Kaduna, kuma an ci gaba da haɗa ta a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan su Faransawan sun daɗe da dainawa. A cikinta aka riƙa kai mu gida ganin dangi muna yara. Launinta ja ne mai duhu, amma tun da na yi wayo na san ta kamar an barbaɗa mata toka, in ka jingina da farar riga sai ka tashi da shaida a baya.

Tun gobarar Kasuwar Monday ta watan Fabrairun 2023 jarin Baba bai koma yadda yake ba. Bana ya ce zai sayar da motar ya ƙara a shago. Wani dillali ya zo ya zagaya ta, ya ce, "Alhaji, sai an watsa mata fenti tukuna, in ba haka ba kuɗin ƙarfe za a taya." Da aka yi lissafin fentin sai ga shi ya kusa cinye rabin abin da ake fatan samu. Na ce, "Baba, a ba ni mako guda kafin a kai ta." Ya dube ni ya ce in dai ba zan ɓata masa mota ba.

Ra'ayina, wanda na daɗe da shi, shi ne yawancin tsofaffin motocin da muke ɗauka mu kai a sake musu fenti ba fentinsu ne ya ƙare ba, samansa ne kawai ya mutu. Fenti garin launi ne da wani irin ƙaro da ke riƙe shi. Akwai ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, shi ne yake haɗuwa da iskar oksijin su riƙa cin wannan ƙaro a hankali, sai garin launin ya rasa mai riƙe shi ya koma kamar alli. Ja ya fi kowane launi saurin nuna wannan ciwo. To ku auna da garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu wata da watanni. Mu ma muna taimaka wa ranar: yaro ya ɗauki busasshen tsumma da safe ya goge ƙura, bai san yashi yake gurzawa a jikin motar ba, ran Juma'a kuma a wanke ta da Omo, wanda ke kwashe duk ɗan maiƙon da ke kare ta.

Amma fa kafin mutum ya taɓa komai sai ya san irin fentin da ke gabansa, don a nan ake yin asara. Motocin da, irin tamu, launi da sheƙi a haɗe suke a shafi ɗaya. Daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma fesa launi a ƙasa, sannan su rufe shi da wani shafi garau kamar gilashi, wanda masu fenti ke kira kiliya. Gwajin ba wuya. Ka sa ɗan folish a farin ƙyalle ka murza wani lungu. In ƙyallen ya ɗauko launin motar, irin na da ne, kuma akwai rai a ƙarƙashi. In bai ɗauko ba, akwai kiliya. Ita kiliya in dusashewa kawai ta yi, tana gyaruwa. In kuwa ta fara ɓarewa fari-fari kamar fatar maciji, kamar yadda ake gani a rufin motoci 'yan Kwatano da yawa, kada wani ya yaudare ka, babu man da zai maido ta. Wannan kam sai mai fenti.

Ƙyallena ya fito jajir. Na wanke motar da sabulun mota da ruwa mai yawa, na bari ta bushe a ƙarƙashin bishiyar maina da ke ƙofar gida. Na sayo man gurza, wanda suke kira kamfawun, da folish, da kakin shafe mota. Bayan asuba nake farawa, in rana ta ɗaga in tsaya, domin in ƙarfe ya yi zafi man bushewa yake kafin ya yi aiki. Kaɗan-kaɗan nake ɗauka, wuri kamar faɗin faranti, in murza, in goge, in juya ƙyalle. Tsofaffin singiletina huɗu suka tafi a bonet kaɗai. Bayan kamfawun sai folish ya share ƙananan zanen da ya bari, sai kaki a ƙarshe. Wanda ya tsallake kakin ya yi aikin banza, kafin damina ta zagayo za ta koma gidan jiya.

Na yi kuskure guda, kuma gara in faɗa. Duk kaurin fentin mota bai fi na silin gashi ɗaya zuwa biyu ba, a kan kaifin bodi kuma ya fi siranta. Na danne hannu a gefen mudgad na hagu, sai ga toka-tokar shafin ƙasa ta leƙo, tsawon ɗan yatsa. Har yau in na wuce ta wurin sai idona ya je can. Shi ya sa nake jin tsoron masu ɗora injin goge fenti a kan tsohuwar mota ba tare da sun saba ba.

Na san masu fenti za su ce ina hana su abinci. Ba haka ba ne, sana'a ce mai daraja, kuma motar da ta yi tsatsa ko haɗari ba ta da wata hanya sai su. Abin da na ƙi shi ne fentin gaggawa a fili, iska na kwaso ƙura tana zubawa a kan ɗanyen fenti, an cika ramuka da fila, an fesa har kan roba da kwaɗon ƙofa. Shekara biyu ya fara tsagewa. Sannan mai saye ba wawa ba ne. Tun ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024, da ta shanye motoci da yawa a garin nan, duk wanda ya ga tsohuwar mota da sabon fenti tambayar farko da zai yi ita ce me ake ɓoyewa. Na ga masu bin bodi da maganaɗisu, duk inda bai kama ba sun san fila ce. Tamu ma ta tona nata asirin: ƙofar baya ta dama ta ƙi yin launi ɗaya da sauran, ashe an taɓa buge ta a hanyar Damaturu aka gyara, ban ma sani ba sai da Baba ya faɗa. Na bar ta haka nan, duk mai saye ya gani da idonsa.

A safiya ta biyar Baba ya fito zai tafi kasuwa, ya tsaya ya daɗe yana kallon bonet ɗin, har hularsa ana gani a ciki. Ya ce, "Haka take ranar da na sayo ta a Kano." Bai ƙara komai ba.

Dillalin ya dawo da mutum biyu, ɗaya ya yi tayin da ya fi na farko nesa ba kusa ba. Baba ya ce zai yi shawara. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, shagon na nan yana jiran kaya, shi kuwa jiya ya aike ni in nemo tamfol da za a riƙa rufe ta.