Burs Ɗin Mutum Ɗaya, Ɗawainiyar Mutum Biyu

Yaro mai lalurar naƙasa daga Mai Yara da ya ci bak bai gama tsallake siratsi ba. Babban shingen yana Maradi, a ƙofar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Kuma shingen nan na kuɗi ne: wa zai biya ɗakin da zai kwana, wa zai ciyar da mai kula da shi?

Mu yi lissafi, iyaye da malamai. Burs ɗin da ANAB ke bayarwa an auna shi ne da cikin mutum guda. Amma makaho sabon zuwa birni yana buƙatar ɗan jagora da mai karanta masa darasi. Mai keken guragu yana buƙatar mai taimaka masa da wanka da ɗibar ruwa. Wannan mataimaki shi ma yana cin tuwo, yana neman wurin shimfiɗa tabarma. Ga kuɗin adaidaita kullum, inda sauran ɗalibai ke takawa da ƙafa. Ga gyaran keke, ga takardar rubutun Braille. In kuma burs ya yi jinkiri, abin da ya sha fitar da ɗaliban USN kan titi, mai lafiya zai iya dako ko kabu-kabu ya rufa wa kansa asiri. Shi fa?

To wa ke biya yanzu? Gida. Uba ya sayar da akuya ko geron da ya ajiye don bazara. Mafi muni, a cire ƙane ko ƙanwa daga aji a tura su birni rakiya. Ke nan don ɗa guda ya yi karatu, wani ɗan ya rasa nasa. An bayar da dama, an karɓe da hagu.

Masu cewa ai burs daidai yake ga kowa, kuma wannan shi ne adalci, su sake tunani. In ka ba mutum biyu ɗaki iri ɗaya a saman bene, ɗayansu ba ya iya hawa matakala, mutum ɗaya ka ba ɗaki.

Masu cewa ƙasa ba ta da kuɗi kuma, mu tuna musu alkawuran da ta ɗauka da kanta. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Tun 1993 akwai dokar kare su, an kuma keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, sannan aka yi sabuwar doka a 2019. Amma gurbin likita ko malami da takardar digiri ake shigarsa. In ba a biya kuɗin da zai kai su ga digirin ba, wa zai cike guraben? Ƙidayar 2012 ta nuna kusan mutum 4 cikin 100 na ƴan ƙasa suna da naƙasa, kuma kaɗan ne ke kaiwa jami'a. Kuɗin waɗannan kaɗan ɗin ba zai karya baitulmali ba. A Ingila akwai alawus na musamman na kayan karatu da mataimaki, ana bayar da shi gwargwadon buƙatar ɗalibi, kuma ba bashi ba ne.

Abin da ya kamata mu nema a fili yake. ANAB ta ɗora ƙari a kan burs ɗin ɗalibi mai naƙasa, a riƙa biyansa kafin na kowa. CROU ta keɓe ɗakunan ƙasa kusa da makewayi, da gado da tikitin abinci na mataimaki. Ma'aikatar magajin gari ta Mai Yara ta sa kuɗin motar Maradi da na kayan karatu cikin kasafinta.

Mu ma da namu aikin. Malam, tun yaron yana aji na ƙarshe ka haɗa shi da ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, FNPH, a shirya takardunsa da wuri. COGES da ƙungiyar iyaye su rubuta wa hukumomin Dakoro, da suna da sa hannu. Masu fitar da zakka su tuna cewa ɗalibi mabuƙaci yana da haƙƙi a cikinta. Sadakar da muke jefawa a ƙoƙon bara shekara da shekaru, da an tara ta, da ta biya ɗakin jami'a.