Wa Zai Rubuta Tarihin Atamfar Kakuri?

'Yan'uwa ɗalibai, yau ƙorafina yana kan masu neman digiri na biyu da na uku a fannin zane-zane. Sai ka ga mutum ya shekara uku yana haddace ra'ayoyin masanan Faransa da Amurka a kan hoto, amma zanen da ke jikin gyatumarsa bai ishe shi kallo ba. Kaico!

A 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suna ɗalibai a Zariya, suka kafa ƙungiya don a gauraya fasahar Turai da ta gida. Ina magadansu?

Ku haye Kogin Kaduna ku shiga Kakuri. Nan aka buɗe masaƙar KTL a 1957, ta rufe a 2002. UNTL, wadda ta yi suna wajen buga atamfa, ta dakatar da aiki a 2007. Atamfar nan wasu ne suka zauna suka zana ta, mata suka raɗa mata sunaye, aka yi anko da ita ranar biki da suna. In wannan ba fasahar zamani ba ce, to mece ce?

Za a ce ai kayan kasuwa ne. To, hotunan da Turawa ke ratayewa a gidajen tarihi kyauta aka zana su?

Ma'aikatan nan tsufa suke yi. Ku ɗauki rikoda ku same su tun suna iya magana, kuma ku rubuta da Hausa don su ma su karanta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.