Na raka autanmu tasha, kuma ban ji kunya ba

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar asuba, na raka autan gidanmu tashar mota a nan Maraɗi. Shekarunsa 23. Kayansa duka jaka ɗaya ce ta goyo, da bargo, da galan na ruwa da Inna ta ɗinke da tsohon buhu don kada ya yi zafi, da ƙullin garin rogo da ƙuli-ƙuli. Damagaram zai fara sauka, daga can Agadas, Arlit, Asamaka, in Allah ya yarda ya tsallaka Aljeriya, inda wani ɗan garinmu da ke aikin gini a Tamanrasat ya ce masa akwai wurin lebura. Ni na cika masa kuɗin mota. Na faɗi wannan a fili ne saboda daga ranar zuwa yau mutum uku sun tare ni: wai yaya ni da ke cikin ƙungiyar farar hula, ni da na san abin da hamada ke ci, zan bar ƙanena ya tafi? Ɗaya ma cewa ya yi na ba da mugun misali.

To, ga amsata, kuma ba su uku kaɗai nake ba.

Ni ma na taɓa yin wannan wa'azi. Shekarun baya ina cikin waɗanda aka tara a wani otel kwana uku, ɗaki mai sanyi, shayi da ƙarfe goma, abinci da azahar. Aka ba mu riguna masu rubutu da kuɗin zama, aka watsa mu unguwanni mu wayar da kan matasa game da haɗarin tafiya. A wata fada, bayan na gama zuba, wani yaro da ke fifita gawayin shayi ya ɗago kai ya ce: "Malam, mun ji. To in munka zamna, mi za mu ci?" Na ce masa ana shirin kawo tallafi. Ƙarya na yi. Ban san da wani shiri ba, kuma waɗanda suka aiko ni sun riga sun hau katkat ɗinsu sun koma Yamai rubuta rahoto.

Ga abin da autanmu ya bari, don masu cewa ya zauna gida su san gidan da suke nufi. Gonar kakanmu an raba ta biyar. Rabon Baba mu maza shida ne a kansa. Hatsin da muke samu a shekara mai kyau ba ya kai mu wata biyar. Gona ta biyu, wadda ke kusa da iyaka, shekara uku ke nan ba mai zuwa, don ba wanda ke son a ɗauke shi a nemi kuɗin fansa da ko an sayar da gidanmu ba za su cika ba. Yaron nan ya yi lakkwal, ya samu BEPC, ya zauna jarrabawar bak sau biyu bai samu ba. Ya yi kabu-kabu da babur ɗin wani: bayan ya kai wa mai babur nasa, ya zuba mai, abin da ke saura ba ya wuce kuɗin tuwon dare. Yarinyar da ya nema shekara biyu aka ba wani, kuma ban ga laifin iyayenta ba. Daga nan ya daina zama cikin mutane. Daren da ya faɗa mini niyyarsa cewa ya yi: "Yaya, nan kowa ya riga ya san ni da rashin nasara. Ina so in tahi inda ba wanda ya san ni, in fara daga farko."

Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun 2024, ga wanda ya yi sa'ar samun aikin da ke da takarda. Duk mai cefane ya san kwana nawa jika 42 ke yi a gidan mutum bakwai. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

Kada wani ya karanta mini haɗarin hanya, na fi shi haddacewa. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace: yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu daga yankin Kance. Ƙishirwa ta kashe su. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Me ya biyo baya? A 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36, wadda Turai ta yi ta yabo da tallafi. Aka kama direbobi a Agadas, aka tsare motoci. Mutane ba su daina tafiya ba, hanya kawai suka sauya: suka bar wadda ke da rijiyoyi da jami'an tsaro, suka bi wadda in mota ta mutu ba mai ganinka, kuma kuɗin tafiya ya ƙaru. A watan Nuwamban 2023 aka soke dokar. Na yi murna, ban ɓoye ba. Amma soke doka bai sa ko yaro ɗaya ya samu biza ko takardar aiki ba. Autanmu zai fita ƙasarsa ba tare da ya karya dokarta ba, ya shiga ƙasar maƙwabta a matsayin mai laifi.

Can ɗin ma na san abin da ke jiransa. Ana kai samame wuraren gini da gidajen haya, a kwashi mutane da kayan jikinsu, a loda su manyan motoci. Ƴan Nijar ana sauke su Asamaka cikin ayari, bisa yarjejeniyar da aka yi da Aljeriya tun 2014. Ƴan sauran ƙasashe kuwa ana zubar da su cikin rairayi, wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 da ƙafa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro ta nan a shekarar 2024 kaɗai. Waɗanda suka dawo garinmu labarinsu iri ɗaya ne: salula ta tafi, kuɗin aikin wata biyu ko uku na hannun mai gini, ba wanda za ka kai wa ƙara. A watan Afrilun 2024 hukumominmu sun kira jakadan Aljeriya a Yamai sun nuna masa ɓacin rai kan yadda ake korar. Madalla. Motocin dai ba su daina zuwa ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake magana kamar yaran nan ne suka ƙirƙiro tafiya. Cin rani ya girmi jamhuriyar nan. Ku je Adar, ku tambayi mutanen Buza da Keita da kuɗin wace ƙasa aka yi rufin kwanon da ke garuruwansu, za a ce muku Abijan. Ku je Kano ku ga masu garuwa, masu shayi, masu gadi, ku tambaye su garinsu. Kakanninmu sun taka har Kumasi. Da wannan kuɗi aka biya haraji, aka yi aure, aka sayi hatsi a shekarun fari. Kuma kora ma ba sabuwa ba ce: Gana ta kori baƙi a 1969 zamanin Busiya, Najeriya ta yi a 1983 zamanin Shagari, da aka rufe iyaka a 1984 kuwa har yunwar shekarar mutanenmu suka raɗa wa suna El Buhari. An sake rufewa a 2019, aka sake a 2023. Kowane karo talakan kan iyaka ne ke biya. Sama da shekara sittin da samun ƴancin kai, gwamnatin farar hula da ta soja duk sun ci moriyar kuɗin da ɗan cin rani ke aikowa, amma har yau ana kallonsa kamar wanda ya gudu da kayan wani.

Sannan a duba su wa ke wa'azin. Mai ce wa ƙanena "kowa ya bar gida, gida ya bar shi" nasa ɗan yana Maroko ko Turkiyya ko Kanada. Nasa ya tafi ƙaro ilimi, namu baƙin haure ne. Bambancin da ke tsakaninsu fasfo ne da biza da uba mai lambar wayar wani babba. Motar da autanmu ya shiga za ta wuce ta gaban matatar mai ta SORAZ da ke aiki tun 2011, gaba kuma ta sauke shi Arlit, inda ake haƙar uraniyom tun 1971. Zai gan su ta taga, ya wuce neman aikin ɗaukar bulo a ƙasar wasu. Wanda bai ji kunyar wannan ba, ban ga dalilin da zai sa ni in ji kunyar rakiya tasha ba.

Akwai tafiyar da nake adawa da ita, kuma zan ci gaba: kwasar ƙananan yara a kai su bara titunan Aljeriya, wani lokaci ma yaran aro ne ba na mai ɗaukarsu ba. Wannan cin amanar yara ne, a hukunta masu yi. Amma kada a fake da shi a haɗa da saurayi baligi mai ƙarfinsa da ya tafi sayar da guminsa.

Abin da nake nema daga hukuma ba shi da yawa. In an iya zama da Aljeriya aka sa hannu kan yadda za a maido mutanenmu, ana iya zama a sa hannu kan yadda za su shiga da takardar aiki ta wata shida ko shekara, tunda masu gini da masu gonakin can suna ɗaukarsu aiki kullum, kowa ya sani. Ofishin jakadancinmu da ke Tamanrasat ya zama wurin da lebura zai rubuta sunansa da na wanda yake wa aiki, don in an kwashe shi a samu mai bin haƙƙinsa. Takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa su isa ƙauye ba sai mutum ya sayar da akuya ya yi sati yana jeka-ka-dawo ba. Kuɗin da ake kashewa a otel ana koya mana yadda za mu tsorata matasa, a haƙa rijiyoyin noman rani da su, a ga ko wasu ba za su zauna da kansu ba. Yanzu da muka fita daga CEDEAO tun Janairun 2025, a fito a yi wa ɗan cin rani bayani da Hausa, da Zabarmanci, da Tamashek: wace takarda ce za ta shigar da shi Najeriya, Gana ko Kodebuwa gobe, ba yau kaɗai ba.

Mu ma iyalai da namu laifin. Mu ne ke nuna wa yaro gidan siminti na ɗan maƙwabta da ke Libiya. Mu ne kuma in an koro shi ya dawo da silifa ɗaya muke bin sa da ido har ya gwammace ya koma ya mutu can da ya zauna cikinmu. Na san wanda aka koro sau uku, sau uku yana komawa, ba don Aljeriya ta yi masa daɗi ba. Shi ya sa a tasha, da direba ya fara kiran fasinja, na riƙe hannun autanmu na ce masa in abin bai yi ba ya dawo, ko da ba ko dala a aljihunsa, ɗakinsa na nan, kuma duk wanda ya yi masa dariya ni zai gani.

Na rubuta masa lambobin waya uku a takarda, Inna ta ɗinke ta cikin ƙugun wandonsa saboda ranar da za a karɓe salular. Hoton katinsa na wurina. Shekaranjiya ya kira daga Agadas, ya ce sanyin dare ya fi yadda aka ba shi labari, kuma suna jiran mota ta cika zuwa Arlit. Tun daga nan ba mu ji shi ba. An ce mana bayan Arlit layi na wuya. Kowace magariba Inna na aiko yaro ya tambaye ni ko an kira.